Bangon Gabas da Na Kai Beljiyam

Jirgin ƙasa ya sauke ni a garin ana wani irin yayyafi mai sanyi, wanda ba ya jiƙa riga nan take amma yana ratsa ƙashi. Garin yana arewacin Beljiyam, ba nisa da teku. Na zauna Yamai, na yi aikin gada a Sudan, na yi shekaru a Jidda ina duba gine-gine, saboda haka ban zaci akwai tashar da za ta ruɗe ni ba. Ina jin Larabci da Faransanci da Ingilishi, ga Fulatanci da Zabarmanci tun na yarinta. Na yi wa mai sayar da tikiti tambaya da Faransanci, ya dube ni kamar na taka masa ƙafa, ya amsa da Ingilishi a taƙaice, sannan ya juya ya faɗa wa abokin aikinsa wani abu da harshensu, suka yi dariya. Harshen nan nasu na arewacin ƙasar shi ne ya hana ni sakewa duk zaman da na yi. Mutumin da ya saba jin abin da ake faɗa a bayansa a ƙasashe da yawa, ranar da ya daina ji sai ya fara zargin kowa.

Ga abin da ya kai ni. Ƙungiyar mutanen garinmu ta tashi gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye bakin fadama, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji. Da yake na yi ritaya daga aikin injiniya, ni aka ɗora wa zanen. Kowa a ƙasar Kabi ya san hadari daga gabas yake tasowa, iska ta kwantar da ruwa ya riƙa dukan bango a gicciye. Tambayar ita ce, yaya tsawon bakin rufin da zai kare bangon gabas zai kasance? In aka yi shi dogo, kwano da katakon da zai ci za su cinye ɗakin jira, mata masu ciki su zauna a rana. In aka yi shi gajere kuma ruwa ya fi ƙarfin tubalin, bango zai narke a hankali, wata damina ya zauna da mutane a ciki. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Garba, gajere yake so, ya kuma ce maganata suke jira kafin a sayi kwano.

A lokacin ne wani tsohon abokin aiki ya haɗa ni da wani sashen bincike a jami'ar garin nan. Suna da manhaja a kwamfuta mai kwaikwayon yadda iska ke kora ruwan sama ya doki gini, da yadda laima ke shiga cikin bango. Sun gwada ta da gine-ginen ƙasarsu, amma ba su taɓa gwada ta da hadarin ƙasa mai zafi ba. Suka aiko mini da ma'auni uku. Kowanne faranti ne da ake kafawa a jikin bango, ruwan da ya doke shi ya gangara ta bututu zuwa wata 'yar na'ura mai ƙirgawa, tare da abin auna zafi da na auna iska. Na kafa ɗaya a gidana a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, ɗaya a wani ajin makaranta a Ambursa, na uku a gidanmu na gado a Argungu, inda yayata Adda Hajo take zaune. Na Argungu shi ne mai muhimmanci, domin bangon yana fuskantar fili ba abin da ya tare shi, daidai da filin da za a yi ɗakin haihuwar. Damina guda suka yi suna aiki. Abin da na Argungu ya nuna ya ba ni mamaki, ya faranta wa Alhaji Garba rai: ruwan da ke dukan bangon kaɗan ne. Da wannan sakamakon na tafi, don a haɗa shi da lissafin kwamfuta a ga ko sun yarda da juna.

Masaukina na farko ɗaki ne a saman wani tsohon gida, wanda na gani a hoto tun ina gida, fari fes. Mai gidan, wani dattijo mai fara'a fiye da kima, ya riga ni shiga ya buɗe taga duk da sanyin da ake yi. Nan na fara shakka. Fenti sabo ne, amma hancin da ya yi shekaru yana shiga gine-gine ba ya ɓata warin laima. Na ɗora tafin hannu a bango na ji shi da sanyi kamar randa. Bayan ya fita na ja kabad gefe, sai ga baƙin fumfuna tun daga ƙasa har kafaɗata, wurin da burushi bai kai ba. Da na nuna masa, bai ko ji kunya ba. Ya ce ai laifin masu haya ne, suna dafa abinci mai tururi ba sa buɗe taga, ya tambaye ni ko mutanen ƙasarmu sun san yadda ake zama a ɗaki mai gilashi. A Jidda mai cutarka rantsuwa yake yi maka, a Abijan dariya yake yi da kai har ka manta, a nan kuwa takarda yake miƙo maka ya nuna inda ka riga ka sa hannu. Na zauna a ɗakin. Kafin wata ya ƙare na kama tari.

Wurin binciken kuwa ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Shugabansu Farfesa Dirik, dogo ne mai magana a hankali, ba ya kallon idon mutum. Wadda aka haɗa ni aiki da ita Dakta Ilse ce, mace mai kimanin shekarun 'yata ta fari, ba ta gaisuwa sai kalma ɗaya. Ta zana gidanmu na Argungu a kwamfuta, da zaure da katanga da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Ta yanka iskar da ke kewaye da gidan ƙananan akwatuna masu yawan gaske, ta sa iskar gabas ta buso da ƙarfin da na'urata ta auna, ta saki ɗigon ruwa manya da ƙanana. Na zauna ina kallon gidan da aka haife ni ana yi masa ruwa a cikin gilashi. Inda ruwa ya fi duka ya yi ja, inda ya tsira ya yi shuɗi. Kusurwoyin sama na bangon gabas suka yi ja wur.

Badariya ta zo kusa da lissafinsu. Ambursa ma haka, da ɗan bambanci da ba ya tayar da hankali. Argungu ta ƙi. A ƙananan ruwa ma'aunina da kwamfutarsu suna tafiya tare, amma duk ranar babban hadari kwamfuta ta ce bango ya sha duka, ma'auni ya ce kusan a bushe yake.

Farfesa ya dubi allon ya faɗi wani abu da harshensu, Ilse ta amsa, wani ɗalibi ya yi murmushi. Sannan ya juyo gare ni da Ingilishi mai laushi ya ce, “Watakila mu ajiye Argungu a gefe tukuna.”

Na ce, “A gefe ina?”

“Kada mu sa ta cikin rahoton. Wurare biyu sun isa su nuna manhajar tana aiki.”

Na san wannan wasan. Na gan shi a Sudan lokacin da wani kamfani ya zubar da samfurin kankaren da ya faɗi gwaji ya ajiye waɗanda suka ci. Tun ina ƙaramin injiniya aka koya mini cewa in lissafi da awo suka saɓa, awo ne mai gaskiya, domin ruwa ba ya karanta littafi. Na ce masa ba a gwada abu da zaɓen amsar da ta yi daɗi. Ya ce ba haka yake nufi ba. Sai ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ni da hannuna na sauke bayanan daga na'urar, ko kuwa akwai kwanakin da na'urar ta mutu aka cike gurbin da kiyasi. Na gane inda ya dosa. Ina zargin yana son ɓoye awona don manhajarsa ta yi kyau, shi kuma yana zargin ni na ƙirƙiri awon.

Daga ranar na daina barin kwamfutata a ofis. Ina cin abinci ni kaɗai. In suka yi magana da harshensu sai in kasa kunne ko zan ji sunana ko sunan Argungu. Alhaji Garba yana ta kira daga gida, yana cewa, “Injiniya, Turawa sun sa hannu? Masu kwano na jira.” Shi ma na fara tunanin me ya sa yake gaggawa haka, da wa yake da magana a kasuwar kwano.

Wata Asabar tari ya matsa mini, na fita neman citta da kanumfari. A wani ɗan shago na kayan abincin Afirka ina duba garin rogo, na yi wa kaina magana da Hausa a kan tsadarsa. Sai na ji murya daga bayan kanta: “Baba, in ba ka saye, aje shi, kada ka hwasa man leda.”

Na juya. Mace ce Ibo, babba, da gilashi a goshi. Na ce, “Ke, ina kika samo wannan Hausar?”

“Birnin Kebbi anka haihe ni. Ubana kayan babur shika saidawa. Kai na ina?”

“Argungu.”

“Kai! Masu kihi. Shi ya sa kaka taɓa kaya ba ka saye.”

Sunanta Ngozi. Ban san na yi kewar gida haka ba sai da na ji wannan harshen a bakinta. Ta ji tarin, ta tambayi inda nake kwana, na faɗa mata sunan unguwar da siffar mai gidan. Ta tafa hannu ta ce ta san shi, duk baƙon da ya zo sai ya sa shi a ɗakin nan, yana fenti tsakanin mai haya da mai haya. Akwai ɗaki a bayan shagonta inda take ajiye buhunan shinkafa, busasshe, mai ɗumi. Ta ce in dawo can. Na tsaya ina nazarin me za ta ci da ni, har ta gane.

“Baba, dubi yadda kaka kallona. Mi za ni sata wurinka, tarin?”

Na koma ɗakin shinkafar. Ranar Lahadi takan dafa miyar kuka ta aiko mini, ba ta kai ta Adda Hajo ba amma na sha har da siɗe kwano. Na ba ta labarin rigimar ofis, na ce Turawan nan so suke su binne gaskiya. Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta yi shekaru da mutanen nan, rashin gaisuwarsu ba shi ne ƙeta ba, mai fara'ar cikinsu shi ya sa ni a ɗakin fumfuna.

Ilse ce ta zo ta same ni wata safiya, ba sallama kamar kullum, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na rufe kwamfutata. Ta ga na rufe, ta buɗe tata. Ta ce ta bar maganar ruwa, ta koma duba zafi. In hadari ya sauko, iska tana yin sanyi nan da nan, kuma na'urar Badariya da ta Ambursa duk sun nuna haka, layin zafi yana faɗowa kamar an tunkuɗa shi. A Argungu, ranar ƙananan ruwa layin yana faɗowa. Ranar babban hadari kuwa, kafin ɗigon farko, layin sai ya tsaya cak, wani lokaci ma ya ɗan hau, ya zauna haka har ruwa ya ɗauke.

Ta ce, “Wannan ba wanda zai iya ƙirƙirarsa, saboda haka na san ba kai ka rubuta lambobin ba. Na faɗa wa Farfesa. Amma wani abu yana faruwa da na'urar kafin ruwa. Kamar ana sa ta a aljihu.”

Zuciyata ta tafi wurin Alhaji Garba. Yana da ɗan'uwa a unguwarmu ta Argungu. Wa zai amfana in bango ya fito a bushe? Na fita farfajiya cikin sanyi na kira Argungu ta bidiyo. Jikar Adda ta ɗauka ta miƙa mata. Adda tana zaune a tsakar gida tana gyaran albasa, rana tana dukan bangon da na yi wata da watanni ina kallonsa a gilashi.

“Umaru! Ka rame. Ba su ba ka abinci?”

Muka gaisa, ta tambayi sanyi, na tambayi ƙafarta. Sannan na ce, “Adda, abin nan da na kafa a bango, akwai wanda ke zuwa yana taɓa shi? Wani daga waje, ko mutanen Alhaji Garba?”

“Wa za shi taɓa shi ina raye? Ko yara ban bari su matsa kusa.”

“Ko ranar hadari ba wanda ke zuwa wurin?”

“Ranar hadari ai ni da kaina nika zuwa. Da na ga gabas ta yi baƙi, in mun kwashe shanya da albasa, sai in ɗauko buhu in ruhe shi, in kawo tabarma in jingina, in danne da turmi. Ko ɗigo ba ya samu nai.”

Na ce, “Adda, kin rufe shi?”

“To in bar shi? Kai da bakinka ka ce daga Turai anka aiko shi, tsada gare shi, amana ta. Rediyo ma ba a bari ruwa shi duke shi, balle wanga. Sai dai ɗan yayyahin da ka zowa ba labari, shi kam wani lokaci yana riga na. Ka yi haƙuri da wannan.”

Haƙuri take ba ni a kan ranakun da awon ya yi daidai. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, damina guda tana fita cikin iska tana jan turmi don ta kare kayan ƙaninta. Na buɗe baki in yi faɗa, na kasa. Na ce Allah ya saka da alheri, ta ce amin, ta ce in riƙa shan kunu.

Na daɗe a farfajiyar kafin in koma ciki. Ba wanda ya ji wayar, ba kuma mai jin Hausa a ginin, da na so ɓoye maganar da ta ɓoyu. Amma mata ne za su kwanta a bayan wannan bangon. Na shiga na faɗa wa Ilse da Farfesa yadda aka yi, da buhu da tabarma da turmi, sai da na zana musu turmin a takarda. Ilse ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Farfesa bai yi dariya ba. Ya ce a ƙasarsu tsuntsaye ne ke toshe bututun, ba su taɓa tunanin rubuta wa mutane cewa a bar na'urar ta jiƙe ba. Sannan ya faɗi abin da ya sa na rage zarginsa, ko da yake ban daina duka ba. Ya ce wannan bai nuna manhajarsu ta yi daidai a Argungu ba, ya nuna dai ba a gwada ta ba. Jan da muke gani a allo lissafi ne kawai har sai an sake wata damina da ma'auni a buɗe. Ba za su sa hannu a kan dogon baki ko gajere ba. Aikin da aka gayyace ni dominsa ya ƙare a nan, ba kuma za a tsawaita zamana ba.

Na kira Alhaji Garba daga ɗakin shinkafa. Na ce awon da muka dogara da shi ya ɓaci, kwamfuta ta ce bangon gabas zai sha ruwa sosai, kuma wurare biyun da aka gwada ta ba ta yi ƙarya ba. Na ce a yi dogon baki.

Ya ce, “Injiniya, ka tahi da magana guda, ka komo da wata. Mi Turawan ga sunka ba ka?”

“Tari suka ba ni, Alhaji.”

“Ɗakin jira fa? Mata su zauna rana?”

“A yi musu rumfar zana bana. Rumfa in ta faɗi ana ɗaga ta da safe. Bango in ya faɗi, ni ba zan sa sunana a zanen ba.”

Ya ce zai kai wa ƙungiya, amma in sani akwai masu cewa da ma ina da aboki mai sayar da katako. Na ce su faɗa. Yadda na yi wata da watanni ina auna shi, haka shi ma yake auna ni, ban ga abin da zan yi fushi a kai ba. Ƙungiya ta yi zama biyu masu zafi, aka yarda da dogon baki da ƙyar, aka soke ɗakin jira. Har yau akwai waɗanda in mun haɗu a ɗaurin aure suke gaishe ni da hannu ɗaya.

Ngozi ta raka ni tasha da ƙullin citta, ta ce in na je Birnin Kebbi in gaishe mata da kasuwa. Ilse ta ba ni sabon batir na na'urar, ta kuma yi mini gaisuwa mai kalma uku, wadda a wurinta doguwa ce.

Na dawo kafin damina, na tare a Argungu, domin na ƙudura ba zan ba kowa tsaron ma'aunin nan ba. Na yi wa Adda bayani sau da yawa, tana cewa to. Ranar da hadarin farko ya haɗo, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar leda da ganye, mata suna gudu da shanya. Ina tsaye a ƙofar ɗaki sai ga Adda ta fito tana ɗingishi, buhu a hannu ɗaya, tabarma a ɗaya.

“Adda, bar shi.”

“Umaru, dubi abin da ka tahowa!”

“Shi aka kawo shi ya gani.”

Ta tsaya kusa da ni ba ta ajiye buhun ba. Ruwa ya sauko a gicciye, ya doki farantin da ƙara kamar ana watsa tsakuwa, bututun ya cika, na'urar ta fara ƙirgawa ba tsayawa. Bangon ya yi duhu tun daga kusurwar sama, yana saukowa. Adda ta dube shi, ta dube ni, ta girgiza kai.

“Har Turai ka tahi,” in ji ta, “don a koya maka barin kaya cikin ruwa.”